Ɗakin Baba Mai Taya

Allah ne Ya ba mu aronsa, kuma Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya so. Surukina, wanda duk Hausawan Greensboro ke kira Baba, ya rasu a farkon kakar nan, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ni ce matar babban ɗansa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma yau zan fara ba. Waɗanda suka san shi sun san wanda nake nufi. Waɗanda ba su san shi ba, musamman ƙananan jikokinsa da ba za su tuna fuskarsa ba, dominsu na zauna nake wannan rubutu.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, gidanmu da ke gabashin gari ya yi wa jama'a kaɗan. Mata sun cika falo har kicin, maza suna waje a kan tabarmi da kujerun roba. Direbobin tasi 'yan Nijar sun jera motocinsu a bakin titi, sun haƙura da aikin yinin. Mutanenmu na Najeriya sun zo, wasu da rigar asibiti a jikinsu don daga wurin aiki suka wuto. 'Yan Gana sun kawo manyan kuloli na shinkafa da wake. Kowa ya durƙusa gaban Hajiya, matar Baba, ya yi mata ya haƙuri, ita kuma tana amsawa ƙasa-ƙasa, carbi a hannunta.

Makwabciyarmu, wata tsohuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan, ta shigo da tukunyar ganye, tana ta nanata wa ƙanwar mijina cewa da naman talotalo ta dafa, ba ta sa abin da ba ma ci ba. Ta zauna kusa da Hajiya ta riƙe hannunta. Shekaru suna gaisawa ta kan shinge ba tare da ɗaya ta ji yaren ɗaya ba, ran nan ma haka suka zauna, hawaye ne kawai ke zuba. Can da la'asar sai ga wani dattijon Bature, manomi daga McLeansville, da kayan aikinsa a jiki. Ya tsaya yana kallon tarin takalman da ke bakin ƙofa, sannan ya sunkuya ya kwance nasa, ya ajiye a gefe. Ya kama hannun maigidana ya daɗe bai saki ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne ƙofar gonarsa tana nan yadda take, bai sa mata kwaɗo ba.

Da wuri ya yi ƙaranci, maigidana ya zagaya bayan gida ya buɗe wa dattawa tirelar Baba. Liman da abokan Baba na tun Damagaram suka shiga suka zauna. Ba a jima ba muka jiyo dariya daga ciki, wadda aka yi saurin haɗiyewa. Wata daga cikin matan ta ɓata fuska. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Ku ƙyale su. Labarin dutse suke yi. Da yana nan shi zai fara dariyar."

Tirelar nan wani ɗan ɗaki ne mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya. Rufinta naɗewa yake yi in za a yi tafiya, in an isa a ɗaga shi, gadaje su fito gaba da baya. Tayoyinta masu kauri ne, irin na shiga daji, cikinta kuma a ɗage yake daga ƙasa. Ni tirela nake ce mata. Baba, da Faransancinsa na Nijar, rimok yake cewa. Yara kuwa da sunanta na Turanci suke kiranta. Hajiya ce ta raba gardamar, ta sa mata ɗakin Baba, sunan da ya bi ta ke nan.

Baba direban manyan motoci ne tun yana saurayi. Daga Damagaram yake ɗaukar kaya zuwa Agadas, wani lokaci ya wuce can arewa inda babu kwalta, sai sawun wanda ya riga ka. Da ɗansa ya zaunu a nan ya jawo shi, ya sami aikin kai kujeru da gadaje gidajen mutane. Hajiya daga baya ta zo. Lokacin muna wani gidan haya a hawa na biyu, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Hajiya macen tsakar gida ce. Duk rayuwarta a waje take girki, a waje take daka, a waje take karɓar baƙi. Nan kuwa sai ga ta tsakanin bango huɗu, ga kafet, ga wata na'ura a silin da ke ihu in hayaƙi ya ɗan tashi. Ta rage cin abinci. Ta rame har zobenta yana zamewa. Kullum maganarta ɗaya, a mai da ita gida, alhali 'ya'yanta da jikokinta duk suna nan.

An kai ta asibiti, an yi gwaje-gwaje, an ce ba a ga komai ba. Maigidana har ya fara maganar tikiti. Baba ne ya ce a dakata.

"Ba gida take nema ba," in ji shi. "Fili take nema. Matar nan tun da ta zo ƙafarta ba ta taka ƙasa ba."

A kan babbar hanya ya riƙa ganin irin waɗannan ɗakuna a bayan motocin Turawa, ya sa a ransa sai ya mallaki ɗaya. Neman nata ya cinye mana Asabar ɗin bazara guda. Maigidana ne tafinta, Hajiya dole a tafi da ita, ni kuma ina baya da yara. Ba zan manta wadda muka gani a unguwar Sedgefield ba, a ƙofar wani gida kusa da filin wasan golf. Doguwa ce, fara sol, da kicin da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki. Ni dai na gama ƙyasawa. Maigidana ma yana ta buɗe durowa yana rufewa. Baba ko leƙa cikinta bai yi ba. Ya je gabanta ya tsaya, ya ware hannuwansa, ya ɗaga kai yana kallon tsayinta.

"Wannan ai bango ne," ya ce. "Wa zai ɗaura wa motarsa bango ya shiga iska da shi?"

Maigidana ya ce, "Baba, amma fa akwai banɗaki."

"Banɗakin ma isansi yake sha."

Isansi shi ne fetur a bakin Baba. A hanyar dawowa ya yi mana bayani, yana tuƙi yana nuni da hannu ɗaya. Ya ce nauyi yana shan mai a wajen tashi da wajen hawa, amma da zarar an miƙe hanya, iska ce abokiyar gaba. Duk abin da ya fi motarka tsayi ko faɗi, kai za ka ture masa iska, kuma iyakar gudunka iyakar yadda take turo ka. Ya ce a hanyar arewa direban da ya yi lodi mai tsayi ya kuma taka wuta, shi ake iskewa zaune a inuwar motarsa da jarka a hannu, yana jiran mai wucewa.

Kwali yake yawo da shi a but ɗin motarsa. Duk wadda muka je gani, sai ya shimfiɗa kwalin nan ya kwanta da kaftaninsa, ya shige ƙarƙashinta. Ƙafafunsa kawai muke gani. Yana duba tsatsa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana tambayar ko tana da birkinta na kanta. In ya fito ya kakkaɓe jiki, sai ya juya ya ce, "Hajiya, taka mu gani." Wata ya yaba da komai nata, amma da ya ga Hajiya ta dafa gwiwa kafin ta hau matakalar, ya naɗe kwalinsa ya ce mu tafi.

A gonar manomin nan na McLeansville muka same ta a ƙarshe, a cikin rumfa, kaji sun yi mata kashi a rufi. Mai gonar ya ce tun da matarsa ta rasu bai ƙara fita da ita ba. Gajeriya ce in an naɗe ta, ba ta kai kafaɗar Baba ba. Hajiya ta hau ba tare da ta dafa komai ba, ta zauna a bakin gado, ta ce, "To." Baba ya ce wa ɗansa, "Ka gaya masa mun saya." Daga ranar suka ƙulla abota da manomin, abotar da yawancinta tsayuwa ce a jikin shinge ana kallon shanu.

Sai kuma rigimar mota ta taso, wadda ita ce rigima mafi girma da na gani tsakanin uba da ɗan. Baba yana da wata tsohuwar mota ƙarama da yake ji da ita. Ya sa aka liƙa mata ƙugiya a baya, ya ce da ita za a ja tirelar zuwa duwatsun da ke yamma da mu. Maigidana ya tambayi makanikai, suka ce injinta bai kai ba. Ya zo ya zauna a ƙasa ya faɗa wa Baba cikin ladabi.

Baba ya ce, "Na ja kamiyo, babbar mota cike da siminti, a cikin rairayi tun ba a haife ka ba."

"Haka ne, Baba. Amma rairayi daban, dutse daban. Hanyar nan hawa ce ba sauka, motar nan ba za ta iya ba."

Baba ya tashi ya ɗauki butarsa. Kwanaki suka wuce ba su ci abinci a tire ɗaya ba. In Baba yana da magana sai ya ce wa Hajiya, "Ki ce wa ɗanki." In maigidana yana da amsa sai ya ce, "Hajiya, ki gaya wa Baba." Hajiya ta gaji ta ce ita ba ma'aikaciyar gidan waya ba ce.

Ranar tafiyar, Baba da Hajiya da ni muka shiga ƙaramar motar, don Hajiya ta ce in zauna kusa da ita. Maigidana ya biyo mu a baya a bas ɗinsa da yara. Abin da Baba bai sani ba shi ne, tun da sassafe Hajiya ta sa an loda wa tirelar turminta da ta zo da shi daga gida, da buhun shinkafa, da tukwane, da jarkokin ruwa kamar masu shirin ƙetare hamada. A shimfiɗaɗɗiyar hanya komai lafiya. Baba har yana ɗan murmushi, yana duba madubi don ya tabbata ɗansa yana gani. Da muka fara hawa sai injin ya canja murya. Ina zaune a baya ina hango allurai biyu a gaban Baba, ta mai tana sauka, ta zafi tana hawa. Man da ya ce zai kai mu har ya rage, ko rabin dutsen ba mu kai ba ya kusa ƙarewa. Wata babbar mota ta wuce mu tana danna oda. Sai tururi ya fara fitowa ta gefen bonet.

Baba ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Maigidana ya tsaya a bayanmu, ya fito, ya buɗe bonet da tsumma, ya ja da baya don tururin ya wuce. Ko kallon Baba bai yi ba, don kada ya zama kamar yana cewa ai na faɗa. Ya buɗe tirelar don a rage kaya, sai ga turmi. Baba ya dubi turmin, ya dubi Hajiya. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Da me kake so in daka?"

Aka kwashe kaya zuwa bas, aka tsiyayar da ruwan a gefen hanya. Baba ya shimfiɗa darduma a kan ciyawa ya yi la'asar. Da ya idar ya ce, "Hajiya, ki ce wa ɗanki ya yi gaskiya."

"Ga shi nan a gabanka. Ka gaya masa da bakinka."

Baba ya naɗe dardumarsa. Sannan ya tashi ya dafa motar, ya sunkuyar da kai kusa da injin, ya ce, "Kin ji ko? Yaron nan ya fi mu gaskiya, ni da ke."

Maigidana ya juya baya yana danne dariya. Labarin da dattawa suke wa dariya ke nan ranar zaman makoki. Baba da kansa ya baza shi a masallaci, kuma duk lokacin da ya ba da shi sai dutsen ya ƙara tsayi.

Ran nan ba mu kai inda muka nufa ba. A wani wurin zango da ke gindin dutsen muka sauka, kusa da rafi. Ana ɗaga rufin tirelar, Hajiya ta tuɓe takalmanta. Ta taka ƙasa, ta tsaya, ta ƙara takawa. Ta sa yara suka tsinto mata itace, ta jera duwatsu uku, ta hura wuta. Sautin taɓaryarta ya cika wurin, har wasu Turawa da ke zango kusa da mu suka zo kallo, ta ba su ɗanɗanon yaji suka tafi suna tari. Da yamma ta cinye kwanon tuwonta ta nemi ƙari. Na ga Baba yana kallonta ta gefen ido, yana yi kamar igiyar rumfa yake gyarawa. Tun daga tafiyar nan, in Hajiya ta yi maganar gida, ziyara take nufi.

Bayan mun dawo, uba da ɗa suka je tare suka sayo tsohuwar a-kori-kura mai ƙarfi. Wannan karon Baba ya bar ɗansa ya zaɓa, shi dai ya shiga ƙarƙashinta da kwalinsa.

Tafiya da Baba tana da dokoki. Ba a ɗaukar ruwa daga gida in akwai famfo a inda za a sauka. Kaya masu nauyi a kan tayoyin tirelar ake jera su, a ɗan matso da su gaba, don in suka koma baya tirelar za ta riƙa kaɗa gindi. Kowace jaka sai ya ɗaga ta da hannu, ya tambayi mai ita, "Wannan amfani za mu yi da shi, ko yawon buɗe ido za mu kai shi?" Turmi ne kawai ba a yi wa wannan tambayar. Kafin a tashi sai ya zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ce tayar da ba ta ƙoshi da iska ba mai take ci. Ba ya kunna rediyo, wai yana sauraron injin. Kuma ba ya gudu. A layin dama yake zama, kowa ya wuce shi, wasu su yi masa oda, shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar sun gaishe shi.

Yara sukan gaji su riƙa tambaya da Turanci ko an kusa. Baba sai ya yi kamar bai ji ba. Sai wanda ya tambaya da Hausa yake samun amsa, har da alawa daga aljihun gaba. Babbar 'yata a motar nan ta koyi hawa da gangara da kwana da birki, tun kafin ta iya jera gaisuwa. Har yau in ta ga babanta ya taka mota sai ta ce, "Abba, sassauta ƙafa," da muryar kakanta.

Shekarar da mai ya yi tsadar nan da kowa ke kuka, maigidana ya kawo shawarar a sayar da tirelar. Baba ya ce ba za a sayar ba, tafiyar za a gajarta. Ya je ya sami abokinsa manomi, da 'yan kalmominsa na Turanci da nuni da hannu, ya dawo da izinin mu riƙa sauka a ƙarshen gonar, inda akwai manyan itatuwa da tafki. Hanyar wurin ta ƙasa ce, in an yi ruwa jan laka ne, nan tayoyin nan masu kauri suka nuna amfaninsu. Sannu a hankali wasu iyalai suka fara biyo mu. Matan Nijar da suka shekara ba su yi girki a waje ba suka riƙa zuwa da tukwanensu. Wani sabon zuwa da bai sami ɗaki ba ya taɓa yin makonni a cikin tirelar a bayan gidanmu, Baba yana kai masa shayi da safe. Yanzu yana da iyalinsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar.

Abin da ya yi mini ni kaina ban taɓa ba wa kowa labarinsa ba sai maigidana. A shekarun nan na haifi ɗa namiji, bai kai ranar suna ba ya koma. Bayan an gama zaman gaisuwa kowa ya watse, ni na kasa tashi. Na ja labule na zauna a ɗaki. Ina jin yarana suna wasa a falo kamar 'ya'yan wasu. Mahaifiyata tana Kano, sai dai waya. Tsakanina da Baba kuwa akwai kunyar surukuta, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ina durƙushe kaina a ƙasa. In yana son wani abu daga gare ni, ko ina zaune a wurin, Hajiya yake gaya wa.

Wata safiya na ji muryarsa a bakin ƙofar ɗakina. "Hajiya, ki ce wa yarinyar nan ina neman wanda zai duba mini baya. Wuyana ya ƙi juyawa."

Ba a ce wa suruki a'a. Na yafa mayafi na fito. Muka tafi gonar mu uku, tirelar a ɗaure a bayan mota. Da muka isa, Hajiya ta sauka da tabarmarta ta nufi inuwa. Baba ya fito ya zagayo, ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya yana kallon gefe. Na gane ni yake jira.

Ya koya mini yadda ake ja da baya da tirela. Ya ce in riƙe sitiyari ta ƙasa, inda nake so gindinta ya nufa, can zan kai hannuna, kaɗan-kaɗan. Na gwada, ta karkace. Na sake, ta sake karkacewa. A karo na gaba ta lanƙwashe gaba ɗaya har ta kusa taɓa jikin motar. Sai kawai na kifa kaina a kan sitiyari, kukan da ban yi ba tun a asibiti ya zo. Baba ya buɗe ƙofa ya fita. Ta madubi na gan shi ya tsuguna a gaban tayar tirelar, yana dubawa, yana sake dubawa, tayar da ya riga ya duba da safe. Bai dawo ba sai da na yi shiru.

Ya zauna, idonsa a kan gilashin gaba. Ya ce, "Wanda kike aure ba shi ne na fari ba."

Na share hawayena da gefen mayafi.

"Biyu suka riga shi. Na biyun ina hanyar arewa aka haife shi, ina hanya ya koma. Na dawo da 'yar riga da na saya masa, na iske har an share wurin. Hajiya ita kaɗai ta ɗauki abin nan. Ban san me zan ce mata ba, sai na sake ɗaukar lodi na tafi." Ya numfasa. "Yanzu ma ban san me ake cewa ba. Amma ba zan tafi ba. Ja gaba ki miƙe ta, mu sake."

Na ja gaba. Kafin azahar na shigar da tirelar tsakanin itatuwa biyu ba tare da na taɓa ko ɗaya ba. Hajiya ta zuba mini fura, na sha, abin da na fara sha da daɗi ke nan tun rasuwar. Ba mu ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Washegari ma ya koma aiko mini da saƙo ta bakin Hajiya.

Da ciwon ya kama shi a ƙarshen bazarar nan, likita ya hana shi tuƙi. Ya yi kwanaki a asibiti, aka sallamo shi, kowa ya san abin da sallamar take nufi. Wata Asabar ya ce a ɗaura tirela. Maigidana yana wurin aiki, don haka ni na tuƙa. Baba yana gefena da bargo a kan gwiwa, Hajiya da yara a baya. A gonar bai iya shiga ɗakin nasa ba, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin itace. Manomin ya zo ya zauna a kan bokiti kusa da shi, suka yini suna kallon tafki. Hajiya ta dama masa kunu, ya sha kaɗan.

A hanyar dawowa, rana ta yi sanyi, ya nuna mini gidan mai ya ce in shiga. Na ce, "Baba, akwai fiye da rabi."

"Shiga dai."

Na tsaya a gaban famfo. Zan fita ya ɗaga mini hannu. Ya buɗe ƙofa ya sauka a hankali, yana dafa jikin motar har ya kai wurin tankin. Sai da ya haɗa hannu biyu kafin ya iya riƙe kan tiyon. Babbar 'yata ta yunƙura za ta taimaka masa, Hajiya ta riƙe ta. Muna zaune muna kallonsa ta gilashi har famfon ya tsaya da kansa. Ya mai da murfin, ya murɗa shi sosai, ya shafa gefen motar da tafin hannu. Da ya dawo ya zauna, sai da ya huta kafin ya yi magana.

"Ba a ajiye mota da yunwa," ya ce. "Wanda zai tashe ta gaba, kada ya fara da neman mai."

Bai ƙara fita daga gida ba sai ranar da aka mai da shi asibiti.

Motar tana nan a bayan gida, tankinta cike, ba wanda ya tashe ta a cikinmu. Hajiya tana takaba. Ta ce in ta fita, kafin a kai ta ko'ina, gonar za a fara kai ta, kuma ni zan tuƙa.

Allah Ya gafarta wa Baba kurakuransa, Ya karɓi kyawawan ayyukansa, Ya yalwata masa makwancinsa, don mutum ne da bai son ƙunci, bai kuma so wa kowa ba. Allah Ya ba Hajiya da mu duka haƙurin rashinsa. Ya sa ya iske 'ya'yansa biyu da suka riga shi, da nawa, suna jiransa a bakin ƙofa. Amin.